Sunana a Hannun Rigar Baba

Ni ce ta fari a gidanmu, saboda haka na girma ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san kunyar ɗan fari, ba sai an zaunar da shi an yi masa bayani ba. Ƙannena kuwa, Al'amin da Khadija, sunayensu yake kira tiryan-tiryan, har da jan ƙarshe in suna nesa. Ni "Ke" ce. Ranar da ransa ya yi fari sai in samu ƙari, in zama "Ke, ɗiyar nan." Innarmu ma haka ta bi da ni har Allah ya karɓi abarsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ana ce masa Mushe Mahaman yadda ake kiran malamai da Faransanci, kuma a ajinsa na zauna a nan Madarounfa. Kowace safiya yakan tsaya gaban allo yana kiran sunaye, yara na amsawa ɗaya bayan ɗaya. In ya zo kaina sai ya ɗago ido, ya gan ni zaune, ya wuce ga na gaba. Ƴan ajinmu gani suke gata ne. Ni kuwa nakan zauna da amsata a baki, ba inda zan kai ta. Ruƙayya dai, suna ba wani mai wuyar faɗi ba, amma bawan Allahn nan ya yi ta kewaye shi kamar mai kewaye rijiya da jariri a hannu.

Ban taɓa yi masa ƙorafi ba. Wa zan kai wa ƙara, in ce me? Ni ma da na haifi nawa na fari ban fi ƙarfin al'adar ba, har yau da gemunsa ban iya kama sunansa. Na sani sarai ba ƙiyayya ba ce. Amma sani daban, abin da rai ke so daban. Na yi aure, na hayayyafa, maigidan ya rasu, na dawo gidanmu ina suyar kifin tafki a bakin hanya, furfura ta fara leƙowa ƙarƙashin kallabina, kuma wannan ɗan kwaɗayin na yarinta yana nan inda na bar shi. Sau ɗaya kawai nake so in ji.

Tsufa ya zo wa Baba ta kai, bai zo ta ƙafa ba. Ƙafafunsa garau, sun fi nawa. Da farko makullin ɗaki ne yake ɓata, sai sallar da aka yi ya ce ba a yi ba, sai ya fara tambayar ina Innarmu ta shiga tun safe. A hankali fuskoki suka riƙa zame masa. Abu ɗaya ne ya ƙi barinsa, shi ne karatu. Ko me ya gani da rubutu sai ya karanta shi da murya, a tsanake, da yatsa yana bi: gwangwanin tumatir, buhun siminti, bayan babbar mota in ta wuce a hankali. Wani lokaci har ya gyara wa masu gwangwanin kuskure.

Wata safiya bayan an gama girbin gero na dawo daga sayen kifi na tarar da tabarmarsa ba kowa. Muka watsu cikin gari, wasu suka yi bakin tafki, abin da nake tsoro ke nan. Sai bayan la'asar aka kawo shi kan babur, ƙafafu duk ƙaya. A hanyar Gabi wani mai amalanke ya tsince shi, yana sauri wai yara na jiransa bai buɗe aji ba. Gabi ce inda aka fara tura shi koyarwa tun ban zo duniya ba. Mai amalanken bai san shi ba, shi kuma bai iya faɗin inda ya fito ba. Allah ne ya taimaka wani tsohon ɗalibinsa ya gane shi a ƙofar gidan maigarin wani ƙauye.

Washegari na aro alƙalamin nan mai kauri da ƴan hatsi ke rubuta suna kan buhu, wanda suke ce wa markar. Mai shi ya rantse mini ko damina ta ƙare a kan rubutun ba ya fita. Na ce shi nake nema. Na fito da rigunan Baba kaf, na zauna ina tunanin inda zan rubuta. A baya, ya yi kama da cin mutunci. A ciki, ba mai gani. Sai na tuna Baba ba ya wuce mutum bai miƙa masa hannu ba, ko ya san shi ko bai sani ba. Don haka na rubuta a bakin hannun riga na dama, da manyan baƙaƙe: RUƘAYYA MAI KIFI, MADAROUNFA, sannan nimeron wayata. Ban bar ko ɗaya ba, har da sabuwar shuɗiyar shadda da Al'amin ya aiko daga Maraɗi tana cikin ledarta.

Da safe ina tsugune gaban murhu ina dama masa koko, na ba shi baya, sai na ji an ce, "Ruƙayya."

Muryar ce ta gaban allo, ba ta tsufa ba. Ludayin ya kuɓuce mini ya nutse cikin kokon. Na juyo a hankali. Yana zaune kan tabarma, ya ɗaga hannun rigarsa kusa da ido, yatsa na kan baƙaƙen. Bai kai ga "mai kifi" ba na riga na amsa.

"Na'am, Baba."

Ya ɗago ya dube ni, ya gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibi ya ba amsa daidai. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na tsamo ludayin.

Daga ranar abin ya zame mana ƙa'ida. Ya tashi, in sa masa riga, ya dubi hannunsa, ya kira, in amsa. Wani lokaci da rana ma, in ya zauna shiru idonsa ya faɗa kan rubutun, sai in ji shi daga bakin hanya ina juya kifi, in bar kasko in leƙo in ce na'am. Ni ba wawiya ba ce. Na san mutumin da ke karanta gwangwanin tumatir zai karanta hannun riga. Ta yiwu abin da ya gane kawai shi ne in ya faɗi wannan kalmar wata mata na zuwa da koko. Amma kuma nakan ce wa raina, wa ya sani, ko tsufan ne ya sauke masa kunyar, abin da ke ransa tuntuni ya samu hanya. Ban bincika ba, ban kuma so kowa ya bincika mini. Sunana ne, muryarsa ce, na karɓa hannu biyu.

Ana haka Al'amin ya zo. Ƙanena ne mai bi mini, yana da shagon kayan mota a Maraɗi, kuma ɗansa Sadiƙ zai yi aure a Ɗan Issa ranar Asabar mai zuwa. Ashe shuɗiyar shaddar nan anko ce, mazan danginmu duka ita za su sa wurin ɗaurin aure, Baba kuma a gaba za a zaunar da shi. Ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya miƙa masa hannu ya ce, "Sannu da zuwa, malam, daga ina?" Na ga yadda fuskar Al'amin ta yi. Yana riƙe da hannun ne idonsa ya sauka kan rubutun.

Ya jawo ni bayan rumfa. "Yaya, mi ne ne wanga?"

"Abin da ka gani."

"Babanmu ne hwa. Mutumen da ya koyar da rabin garin ga, ki rubuta mishi adireshi kamar buhun gero za shi tasha?"

"Buhun gero ba shi tashi da ƙahwarshi ya tahi Gabi."

"Ko cikin aljihu ki sa mishi takarda."

"Na sa. Ya karance ta, ya ce akwai kuskure, ya yar."

Ya kusa yin dariya, sai ya tuna fushi yake. Da ya ga shaddar ankon ma ba ta tsira ba, ya dafe kai. Ya ce duka rigunan za a goge. Na ce ba a isa ba. Muka yi ta ja, ni da girmana shi da gemunsa, kamar lokacin da muke faɗa kan ƙanzon tuwo. Daga ƙarshe muka tsaya kan shaddar kaɗai, tunda ranar biki hannunsa na cikin na dangi, ba inda za shi. Gaskiya Al'amin bai yi laifi ba. Surukai ne sababbi, kowa zai zo ya yi musafaha da kakan ango, ga hotuna. Ni ma da wani ne ya yi wa ubana haka da na yi magana.

Abin da ban gaya masa ba shi ne tsorona. Ba ɓata nake jin tsoro ba. Safiyar Asabar nake jin tsoro, lokacin da Baba zai dubi hannunsa ya ga ba komai, sannan ya dube ni. Ranar ce zan san ko ni yake kira ko tawada.

Mai markar bai yi ƙarya ba. Na jiƙa hannun rigar da omo, na cuɗa har yatsuna suka yi fari, rubutun ko gezau. Maƙwabciyata Ɗelu, wadda ba a taɓa kawo matsalar da ba ta da maganinta ba, ta leƙo ta katanga ta ce lemun tsami da gishiri, a shanya a rana. Na yi. Baƙin ya ɗan yi ja-ja, ya tsaya nan yana kallona. Ta ce to jabel, ruwan nan mai faranta farin kaya. Allah ya sa na gwada ɗigo ɗaya a cikin kalmasa ta ƙasa, nan take shuɗin ya koɗe ya zama kamar ruwan tsari. Na nuna mata.

Ta ce, "To ai ban ce ki sa ga shadda ba. Gwada kananzir."

"Ɗelu, kakan ango za ya zamna cikin mutane yana ƙamshin fitila?"

Ta ja kanta ta koma, tana cewa ita dai ta taimaka iya saninta.

A farmasi na samu bakin zaren. Na ce wa mai shagon alkol na wanke rauni nake so, ya tambaya ko ciwo ne, na ce riga ce. Ya ce matarsa na yi wa ƴaƴansu in sun dawo daga lakwal da zanen alƙalami a riga, ya kuma koya mini yadda take yi. A juya rigar, a shimfiɗa tsumma fari ƙarƙashin rubutun, a riƙa ɗiga alkol ta baya ana dannawa da auduga. Kada a goga, in an goga tawadar yaɗuwa take. In tsumman ya sha, a matsa zuwa wuri mai tsabta. Ruwan zafi da guga kuma a nisance su sai tabon ya fita, don su ke zaunar da shi.

Ranar Alhamis ban yi suya ba. Bayan azahar na shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida, na kawo faranti na kife, na ɗora tsohon kallabin Innarmu fari a kai, na shimfiɗa hannun rigar. Baba na gefena da ƴar shara, yana kallon kaji. Na fara daga nimero. Ɗigo, danna, ɗaga. Ga mamakina tawadar ta saki, ta ratsa ta sauka kan kallabin, launinta ya koma kamar na jar albasa. Aikin na son haƙuri, don kowane baƙi sai an bi shi sau da yawa, ƙamshin alkol kuma na hawa kai. Da nimeron ya tafi na bi Madarounfa, na bi mai kifi. Da gangan na bar sunan a ƙarshe, kamar yaro da tsokar namansa.

Ƙamshin ne ya jawo hankalin Baba. Ya matso, ya juya hannun rigar, ya ga abin da ya rage, ya haɗe gira.

"Wa ya share allo ba a ce ya share ba?"

"Ni ce, Baba. Za a yi sabon darasi."

Ya ɗan yi nazari, kamar bai gamsu ba amma ya bar ni da halina. Na riƙe kwalbar alkol na kasa karkata ta. Rana ta fara yin sanyi, inuwar dogon yaron ta bar mu, ni ina nan zaune. Sai na tura masa hannun rigar.

"Baba, karanta mini nan."

Ya sa yatsa, ya bi baƙaƙen ɗaya-ɗaya. "Ruƙayya."

"Na'am."

"Ƙara, Baba. Ban ji da kyau ba."

Ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibi mai taurin kai, amma ya ƙara. Na amsa. Sannan na juya rigar na zuba alkol, ina danna audugar ina share ido da gefen zane. Sunan ya fi sauran taurin kai, ko don shi na fi danna wa alƙalami ranar da na rubuta. Sai da na ƙarar da kwalbar. Na wanke wurin da ruwan sanyi da sabulu, na shanya a inuwa. Ranar Juma'a na kai wa mai bugu, ya dawo da ita tana sheƙi. In ba wanda ya san da rubutun ba, ba mai cewa an taɓa sa mata alƙalami.

Safiyar Asabar Al'amin ya iso da mota tun hantsi bai yi ba, sanye da tasa shuɗiyar. Na riga na yi wa Baba wanka, na ba shi kokonsa, na gyara masa gemu. Muka sa masa rigar mu biyu, ni na riƙe wuya shi ya riƙe hannu. Ya yi kyau. Ya koma Mushe Mahaman na ranar raba sakamako, wanda iyaye ke cire takalmi kafin su gaishe shi.

Ya zauna bakin gado, ya ɗaga hannunsa na dama kusa da ido. Ya juya shi. Ya duba na hagu. Ya sake komawa na dama, yana shafa wurin da yatsa. Ina tsaye riƙe da hularsa. Ya ɗago ya dube ni, bakinsa ya ɗan motsa, bai ce komai ba. Ya mayar da ido kan hannun rigar.

To, na ce a raina, kin gani. Abin da kika sani ne dama.

Ban san abin da Al'amin ya karanta a fuskata ba. Ban taɓa gaya masa komai ba, amma cikinmu ɗaya. Ya tsuguna gaban Baba ya riƙe gwiwarsa.

"Baba, ka san wagga? Dube ta da kyau. Mi sunanta?"

Na so in ce ya bari. Amma ya riga ya tambaya.

Baba ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ba kallon da yake yi wa baƙi ba ne, mai fara'ar nan ta neman taimako. Sai na ga ya sauke ido ƙasa, ya kau da kai gefe, ya kama gyara wuyan rigar da ba abin da ya same shi. Na san wannan kau da kan. Tun ina ƴar ƙarama na san shi, a tsakar gida, a gaban allo, ranar da aka kai ni ɗakin miji. Sannan ya juya ga Al'amin, ransa a ɓace.

"Kai ɗan wane gida ne, da ba a koya maka kunya ba? Ina ka taɓa jin mutum ya kama sunan ta hwari?"

Al'amin ya saki gwiwar Baba. Shi da aka kira sunansa sau dubu ba a gane shi ba, ga shi an haɗa masa da faɗa. Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa.

Baba ya miƙo hannu wajena, bai dube ni ba.

"Ke, ɗiyar nan. Hulata."

Na ba shi. Na yi shekaru ina jin haushin wannan "Ke," ban san akwai ranar da zan yi marmarinta ba sai da ta dawo. Duk watannin nan da yake kiran sunana, baƙuwa yake kira. Yau da ya gane ni, ya rufe bakinsa.

Muka kama shi muka kai mota. Mata sai da yamma za mu bi, don haka na tsaya ƙofar gida. Kafin su kai kwana na hango shi ta gilashi ya sa yatsa yana karanta wani abu a bayan kujerar direba, na san ya riga ya koma inda yake zuwa. Na shiga gida. Sauran rigunansa na kan igiya, iska na kaɗa hannayensu, kowanne da sunana baƙi ƙirin. Gobe in na sa masa ɗaya zai duba ya kira, ni kuma zan ce na'am.